Daga Littafin Haraji Zuwa Kwamfuta: Tarihin Rajista da Masu Gyaranta a Mai'adua

Ajiye sunayen mutane da lissafin dukiyarsu tsohon aiki ne a ƙasar Daura, kuma Mai'adua na cikin wuraren da suka fi buƙatarsa. Gari ne na bakin iyaka, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Daura ta fita ta Kwangwalam zuwa Damagaram, ga kasuwar da ke ci kowace Lahadi, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Nijar. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum 200,000. Duk inda jama'a da dabbobi da kuɗi suka haɗu haka, dole a sami mai rubutawa, kuma dole a sami ranar da rubutun zai ƙi karantuwa.

Bayan da Turawan Ingila suka mayar da sarautar Daura hannun gidan Haɓe a 1906, aka naɗa Malam Musa, rajista ta zama ƙashin bayan mulkin En'e. Mai unguwa ya san gidajen unguwarsa, dagaci ya tattara, hakimi ya kai wa sarki, kuɗin su shiga baitulmali. A tsakaninsu akwai malamin haraji da littafinsa: sunan magidanci, yawan baligan da ke gidansa, abin da aka yanka masa, abin da ya biya. Jangali kuma da damina ake ƙidaya shi, kan kowace saniya, kuma a gari irin Mai'adua makiyayi na iya kwana a nan ya wayi gari a Nijar, ƙasar da Faransa ke mulka, kafin malamin ya iso. Abokan gaba na wannan littafi sanannu ne, wato gara da ɗigar ruwa da gobara da hannun da ke kankare lamba. Amma yana da wata daraja da ba a lura da ita ba sai da ta tafi. Idan aka ɗauke shi daga Koza aka kai Daura, duk wanda ya iya karatu zai buɗe ya karanta, ba ya buƙatar komai sai haske.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Littattafai ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa: na albashi, na kuɗin shiga a kasuwa, na ɗalibai, na katin asibiti, na masu zaɓe.

Kwamfuta ta fara shiga ofisoshin manyan birane kafin ta gangaro ƙananan hukumomi. Cikin manhajojin ajiye bayanai da aka fara sani a Nijeriya akwai dBase da FoxPro, sai Microsoft Access da ya fito a 1992 ya mamaye ƙananan ayyuka, saboda yana zuwa ne cikin wasu kunshin Office, kuma wanda ya yi difloma a kwamfuta zai iya haɗa fom da rahoto da shi cikin 'yan makonni. Tsarin da ya kafu a shekarun 2000 kusan iri ɗaya ne ko'ina a arewa. Mai kemis, ko mai makaranta mai zaman kanta, ko dillalin hatsi, zai sa a rubuta masa manhaja a Kano ko Katsina. Mai rubutawa ya gwada ta a kwamfutarsa, ta yi daidai, ya zuba ta a faifai ko filashi. A kawo ta gari, a sa a wata kwamfuta ta hannu da aka sayo a Titin Beirut, a danna, ta buɗe ta rufe kanta, ko ta fito da ɗan akwatin Turanci mai lamba. A buga waya, amsar ɗaya ce: "Wallahi Alhaji, a tawa tana yi."

Gaskiya ya faɗa. Abin da mai kaya bai sani ba, wani lokaci har shi mai rubutun, shi ne cewa rajistar ta daina zama abu guda. Ta rabu uku: fayil ɗin da bayanan ke ciki, manhajar da ke buɗe shi, da kuma tarin ƙananan fayiloli da saituttuka da ke zaune a kwamfutar da aka yi aikin, waɗanda manhajar ta jingina da su ba tare da kowa ya gani ba. An kwafo biyu an bar na uku, kamar a kai turmi sabon gida a manta da taɓarya. Daga nan aka sami sana'ar da ba ta da suna na musamman. Masu ita dai ana ce musu injiniya, kuma galibi su ne masu shagon buga takardu da ke kusa da sakatariya ko bakin tasha.

Matsala mafi sauƙi ita ce ta adireshi. Mai rubutu yakan ɗaure manhaja da wurin da fayil yake a tasa kwamfutar, a cikin folda mai ɗauke da sunansa. A sabuwar kwamfuta babu wannan folda, manhaja ta nema ta rasa, ta tsaya. Gyaran bai wuce a sake nuna mata inda fayil ɗin yake ba, amma an sha yi wa kwamfuta fomatin gaba ɗaya a kan wannan, bayanan shekara guda su salwanta. Fomatin shi ne maganin da ragon injiniya ya fi so, domin ba ya buƙatar a gano cutar.

Wata kuma ta kwanan wata ce. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana sa wata kafin rana, Nijeriya kuwa rana ce a gaba. Idan aka rubuta 3/4/2012, wata na'urar za ta karanta 3 ga Afrilu, wata 4 ga Maris. Wannan ta fi tsayawar manhaja haɗari, saboda ba ta yin ƙara. Sai an zo lissafin bashi ko duba ranar lalacewar magani ake ganin ɓarnar. Tsofaffin kwamfutoci suna da tasu: ɗan batirin da ke riƙe agogo a ciki, mai faɗin kwabo, idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk sanda aka kunna, rasit ya fito da shekarar da ba a ma buɗe shagon ba.

Akwai wadda ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, alamar nan ta hamza da ke cikin Mai'adua da Sa'adu da Rabi'u da A'isha ita ce alamar buɗewa da rufe zance. Manhajar da ba a rubuta da kula ba, idan aka shigar da Rabi'u, sai ta ɗauka sunan ya ƙare a "Rabi", sauran kuma ya zama umarnin da ba ta gane ba, ta ƙi ajiyewa. Mai rubutun da ya gwada aikinsa da Musa da Bala ba zai taɓa cin karo da wannan ba. Gyara na gaskiya yana cikin rubutun manhajar, amma abin da magatakarda suka koya shi ne su cire alamar. Haka ya faru da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda sukan koma alamar tambaya ko ɗan murabba'i idan fayil ya sauka a na'urar da ba ta da irin haruffan. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutum ɗaya ke da suna iri uku a takardu uku, abin da ya zama babban ciwon kai daga baya.

Wutar lantarki ta fi duk waɗannan ɓarna. Access yana ajiye komai a fayil guda, kuma idan Nepa ta ɗauke yana tsakar rubutu, ko janareta ya shaƙe, fayil ɗin na iya rauni. Washegari manhaja za ta buɗe lafiya har sai an isa layin da ya lalace, sannan ta sandare. Akwai umarnin matsewa da gyara fayil a cikin Access, kuma yakan yi aiki, sai dai gogaggen mai gyara ba ya taɓa shi sai ya kwafi fayil ɗin ya ajiye gefe. Ga kuma iyakar girma, domin fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma makarantar da ke zuba hotunan ɗalibai a ciki takan kai iyakar ba ta sani ba. Filashi ma da ake yawo da shi daga shago zuwa shago ya yaɗa ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, mutum ya ɗauka komai ya tafi alhali suna nan.

Babban gwajin wannan al'amari a ƙasa baki ɗaya ya zo ne da rajistar masu zaɓe. An fara gwada ta da na'ura a 2006 zamanin Maurice Iwu, na'urorin ba su wadata ba, rajistar da ta fito kuma ba ta sami amincewa ba. Da Farfesa Attahiru Jega ya karɓi hukumar zaɓe a 2010, aka yanke shawarar sake sabuwa. Aka yi odar na'urori 132,000 daga kamfanoni uku: Zinox 80,000, Haier 30,000, Avante 22,000. Kowace na'ura laftof ce da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da firinta da batir, an ɗora mata manhajar da hukumar ta haɗa da kanta a kan Linux, tana ajiye bayananta a cikinta ba tare da intanet ba. Wato manhaja ɗaya ce aka raba wa rumfuna kusan 120,000, har da na Bumbum da Natsalle da Koza, aka danƙa ta a hannun 'yan bautar ƙasa da suka sami horo na 'yan kwanaki. An tsawaita hutun makarantu saboda aikin.

An fara ranar 15 ga Janairu 2011, kuma tun ranar farko abin ya cije a yatsa. An saita manhajar ta karɓi zane mai tsafta sosai, irin wanda ake samu a gwajin ofis. A rumfa kuwa tsakiyar hunturu ne, fata ta bushe ta tsage, ga hannun manomi da kanta ta shafe wa zane, ga tsofaffi, ga mata da lalle, ga ƙura a kan gilashin. Mutum ɗaya yakan cinye lokacin mutum da yawa, layi yana ƙara tsawo batir yana ƙarewa. Har tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo na'urar ta ƙi karɓar yatsunsa a zuwan farko. Hukumar ta fitar da gyaran manhaja da ya sassauta ma'aunin, sai dai da yake na'urorin ba sa kan intanet, dole ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ɗora gyaran. Aka ƙara wa'adi har cikin Fabrairu, aka kammala da sunaye miliyan 73.5. Sassautawar tana da farashinta, domin zanen da bai fito sosai ba yana wahalar da tantance masu rajista biyu. Bayan tacewa, rajistar da aka shiga zaɓen 2015 da ita ta tsaya a miliyan 68.8.

A daidai waɗannan shekaru ƙananan shaguna ma suna fama da tasu ƙaurar. Access na 2007 ya zo da sabon nau'in fayil da tsofaffin ba sa buɗewa. Office na 2010 ya zo iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma fayil ɗin da aka kulle a ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, mutane suka koma Windows 7, manhajojin da suka yi shekaru suna aiki suka fara rufe kansu saboda wani ƙaramin fayil na kalanda ko na buga rahoto da babu shi a sabon wurin. Sau da yawa wanda ya rubuta manhajar ya bar sana'ar ko lambarsa ta daina shiga, kuma bai bar asalin rubutun ba. A nan ne hanyar aiki ta bambanta gwani da ɗan koyo. Gwani yakan fara da tambaya: me ya canza tun ranar da ta yi aiki na ƙarshe? Sannan ya karanta saƙon kuskuren ya rubuta lambarsa, maimakon ya rufe shi da sauri. Ya duba littafin da Windows ke ajiye labarin kowace tsayawa, inda ake ganin sunan fayil ɗin da ya jawo ta. Ya gwada manhajar da fayil marar komai, don ya san ko cutar a bayanan take ko a manhajar. Kuma abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda.

Daga 2014 nauyin ya fara barin kwamfutar tebur. Lambar BVN ta bankuna ta fito a shekarar, JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sannan a Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Bayanan yanzu a manyan rumbuna suke a Abuja da Legas, na'urar da ke Mai'adua ƙofa ce kawai. Tsayawa ba ta ƙare ba. A zaɓen 28 ga Maris 2015 na'urar tantance katin zaɓe ta ƙi karanta na shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke, a wasu rumfuna kuma an gano ba a ɓare ledar da ke kan gilashin ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe, amma sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin hukumar zaɓe na sa'o'i, abin da hukumar ta danganta da kuskuren saiti a rumbunta.

Bambancin ga mai shago a Mai'adua shi ne irin wannan matsalar ba ta gyaruwa a teburinsa. Kalmar da ta maye gurbin "ta ƙi buɗewa" ita ce "babu sabis", kuma aikin da ya fi kawo masa ciniki yanzu shi ne daidaita suna da ranar haihuwa tsakanin katin zaɓe da banki da NIN, wato gyaran abin da magatakardan shekarun baya suka shigar. Tsofaffin manhajojin Access suna nan a wasu kemis da makarantu, a kan kwamfutocin da masu su ba sa yarda a taɓa, kuma yawancin irin waɗannan wurare suna riƙe da littafin takarda a gefe, ana rubuta cinikin rana a cikinsa kafin a shigar.