Bushiya: Annobar Shanun da Aka Ga Bayanta

Yau tarihin bushiya na kawo muku, ciwon da ya taɓa kusan ƙarar da shanun ƙasar nan.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. In ta kama saniya sai zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sannan zawo. Sau da yawa ba a kwana goma an rasa ta.

A 1887 sojojin Italiya suka shigo Eritiriya da shanu masu ɗauke da ita. Daga garke zuwa garke, daga mashaya zuwa mashaya, kafin ƙarshen 1891 ta iso ƙasar Hausa. A wasu wurare shanu tara cikin goma suka mutu. Ki duba fa, uwargida: ba nono, ba man shanu, Bafulatani mai garke ya wayi gari sai sanda.

Daga baya wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya samo allurar rigakafi mai inganci a Kenya. A 1962 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai suna bin garke suna yin allura, ciwon ya lafa. To, da aka ga sauƙi sai aka yi sake. Bushiya ta dawo, a 1983 ta yi wa makiyayanmu mummunar ɓarna. Aka sake ɗaura ɗamara. Ganinta na ƙarshe a Kenya ne, a 2001, kuma a 2011 aka sanar da duniya cewa ta ƙare. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da aka kawar kwata-kwata.

Amma ta bar dangi. Ƙyandar yara 'yar uwarta ce, haka ma annobar awaki da tumaki mai sa majina da zawo, kuma dukansu suna da allura. Akuyar nan da ke turke ita ce asusunki. In kin sayi sabuwa, ware ta na 'yan makonni kafin ta shiga cikin sauran. In masu allurar dabbobi sun zo, ki tuna wa maigida. Yaro kuma da ya cika wata tara a kai shi allurar ƙyanda.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.