Mamak

A Titiwangsa da ke Kuala Lumpur, in aka ce "mu je mamak", shagon abincin Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya ake nufi. Kalmar daga Tamil ta fito, inda "mama" ke nufin kawu. Yau Malay da 'yan Sin da Indiyawa na cika waɗannan shaguna har tsakar dare, ana kallon ƙwallo, ana yagar gurasar roti canai, mai shayi na kwararo teh tarik daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. A 2024 UNESCO ta sa karin kumallon Malesiya, har da roti canai da teh tarik, cikin al'adun gado na duniya. Sai dai a bakin 'yan siyasa, kiran mutum "mamak" kan zama gori.