Allura da Keken Ɗinki: Yadda Aikin Babbar Riga Ya Sauya Hannu

A watan Fabrairu na 1851 Heinrich Barth ya shiga birnin Kano, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa, a rina, a fitar daga garin sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. A watan Agusta na wannan shekara ce Isaac Singer ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa a Amurka. Sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 keken ya soma yaɗuwa a kasuwanninmu, ya zo da sabuwar kalma, watau tela, wadda aka aro daga Ingilishi. Maɗinki kuwa tsohuwar kalma ce, kuma mai ita da allura yake aiki.

Kafin zuwan keke, babbar riga aikin mutane da yawa ce. Mata ke kaɗa zare, masaƙa su saƙa ƙyallaye 'yan siri-siri, maɗinki ya harhaɗa su. Daga nan sai a kai wa mai zane, galibi malami ne wanda hannunsa ya saba da alƙalami, ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, da tambari a ƙirji da baya. Mai aikin allura ya bi zanen da zaren tsamiya, wani lokaci ya shafe watanni a kan riga guda. Ta sarauta akan yi mata shafi da alharini, wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus. Duk wannan, in ban da kaɗi, sana'ar maza ce.

An yi zaton keke zai kashe ɗinkin hannu. Haɗin riga kam ya ƙwace shi tun da wuri, don babu mai biyan ladan kwana uku a kan abin da tela zai gama kafin azahar. Amma adon wuya da aljihu ya gagare shi. Ko da kekunan surfani suka shigo, masu idon riga ba su daina juya ta ciki su duba bayan ɗinkin ba. Abin da ya faru shi ne aikin hannu ya tashi daga larura ya koma alamar daraja, tsohon yayi ya fi sabo tsada.

A birnin Zariya aka fi ganin sakamakon haka. Da mulkin farar hula ya dawo a 1979, 'yan siyasa suka rungumi babbar riga, buƙata ta ƙaru, maza da yawa kuma sun riga sun koma kan keke ko aikin albashi. Matan aure da ke cikin gida, waɗanda suka ƙware a ɗinkin hula, su suka ɗauki allurar. Dillali ya sayi shadda, ya biya mai zane, ya aika da yaro ya kai wa mace a ɗaki, ta yi aikin tsakanin girki da reno. A ganina wannan ne sauyi mafi girma a tarihin sana'ar, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, wataƙila don mai sayen rigar a Kaduna ko Ikko dillalin kawai yake gani. Shi ke yanke lada, kuma kason mai allura a cikin kuɗin rigar bai taka kara ya karya ba.