Gahawa a gaban alƙali: shari'ar Makka ta 1511 da tsohuwar gardama kan lafiyar mai sha

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta tashar mota a Maraɗi ko Damagaram da sassafe ya san teburin mai shayi: burodi, madarar gwangwani, buta bisa gawayi, da Nescafé. Direba ya sha don kada barci ya kwashe shi a hanya, ɗalibi ya sha a lokacin jarrabawa, kuma ba a rasa wanda zai ce musu abin nan yana kashe zuciya. Wannan gardama ta haura shekara 500. Manufar wannan ƙasida ita ce mu koma inda aka fara ta, mu ga yadda maganar lafiya ta shiga cikinta, sannan mu auna ta da abin da binciken likitoci ya tabbatar. Mafi yawan labarin farkon ya zo ne daga littafin Abdulƙadir al-Jaziri, Umdatus Safwa fi Hillil Ƙahwa, wanda ya rubuta wajen 1558, da kuma nazarin da Ralph Hattox ya yi masa a 1985.

1. Daga zikiri zuwa kasuwa

Asalin itacen gahawa tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne. Amma shaida mafi tsufa da ake da ita ta dafa shi a sha ta fito ne daga Yaman, a ƙarni na 15, a wajen sufaye. Al-Jaziri ya ambaci Muhammadu al-Zabhani, malamin Adan da ya rasu wajen 1470, cikin waɗanda suka yaɗa shi. Buƙatarsu a fili take: su raya dare da zikiri ba tare da gyangyaɗi ba. Shehi ne ke ɗibar gahawar daga babban kasko, ƙoƙo yana zagaya almajirai. Wasu ƙwayar suke dafawa, wadda ake kira bunnu, wasu ɓawon, wato ƙishru, wanda har yanzu ana sha a Yaman.

Kafin 1510 abin ya kai Makka da Alƙahira, inda ɗaliban Yaman na Azhar suka shigar da shi. Daga nan ya fita daga zawiya ya shiga kasuwa, aka buɗe wuraren da maza ke taruwa su sha, su yi hira, su yi wasan dara. Matsalar ta taso daga nan. Ga kuma sunan kansa: a tsohon Larabcin mawaƙa, kalmar ƙahwa ɗaya ce daga cikin sunayen giya.

2. Zaman shari'ar 1511

A watan Rabi'ul Awwal na 917 bayan Hijira, wato Yunin 1511, Kha'ir Beg, wakilin sarkin Mamluk Ƙansuh al-Gauri kuma mai kula da hisba a Makka, ya tarar da wasu mutane da dare a kusa da Ka'aba suna miƙa wa juna ƙoƙon gahawa. Ya kore su, kashegari kuma ya tara malaman garin. Kan haramcin taron da ya yi kama da na mashaya ba a yi jayayya ba. Kan gahawar kanta aka cije, domin ƙa'idar malamai ita ce asalin abubuwa halal ne har sai an tabbatar da cuta ko maye.

Sai aka nemi likitoci. Wasu ƴan'uwa biyu mutanen Farisa suka ba da shaida cewa ɗabi'ar gahawa sanyi ce da bushewa, saboda haka tana ɓata daidaiton jiki. Wannan shi ne ilimin likitancin zamanin, wanda ya gada daga Jalinusu da Ibn Sina, kuma mai karatu Bahaushe ba zai rasa jin kamarsa da maganar sanyi da zafi ta masu maganinmu ba. Wasu daga cikin mahalarta suka ƙara da cewa sun sha, hankalinsu ya canza. Aka hana sayarwa, aka ƙona abin da aka samu. Amma da aka aika Alƙahira neman tabbaci, amsar da ta dawo ta tsananta ne kan tarurruka, ba ta haramta gahawar kai tsaye ba. A 1512 aka sauke Kha'ir Beg, mutane suka koma sha.

Abin lura a nan shi ne, abin da ya dami hukuma taron jama'a ne da dare, inda ake magana ba da izininta ba. Shaidar likita ta zo ne don ta cike giɓin da fiƙihu ya bari. Haka aka sake yi a Alƙahira wajen 1535, lokacin da wa'azin wani malamin Azhar ya sa jama'a suka farfasa gidajen gahawa. Alƙali Muhammadu ibn Iliyasu ya bi wata hanya: ya tara mutane a gidansa, ya shayar da su gahawa, ya zauna hira da su, bai ga alamar maye ba, ya halatta. A Istambul an buɗe gidajen gahawa na farko wajen 1555, Sarki Muradu na IV ya rufe su a 1633, suka sake buɗewa bayansa.

3. Kyauta da abin da ta haifar

A ƙasashen Larabawa da Turkiyya gahawa ta zama abin tarbar baƙo. Ana soya ƙwayar, a daka a turmi, a tafasa. Balaraben Hijaz yana sa mata hel ya zuba kaɗan a finjali, Baturke yana niƙa ta lilis ya sha da gari a ƙasan kofi. Hukumar UNESCO ta sa gahawar Turkiyya cikin gadon al'adun duniya a 2013, ta Larabawa kuma a 2015, a matsayin alamar karimci.

Kyauta ce kuma ta raba Yaman da wannan ciniki da ta daɗe tana riƙe da shi ta tashar Moka. Bayan ƴan Holan sun shuka itacen a Jawa, birnin Amsterdam ya ba Sarki Luwi na XIV na Faransa tsiro ɗaya a 1714. Wajen 1723 wani hafsa, Gabriel de Clieu, ya ƙetara da tsiro zuwa Martinik. Zuwa 1788 tsibirin San Domeng, Haiti ta yau, yana ba da kusan rabin gahawar duniya, kuma bayi ƴan Afirka ne ke noman. Bai kamata a ba da tarihin kofin baƙo a manta da wannan ba.

4. Gahawa, kafe da goro

Hausa tana da kalma biyu, kowace da hanyarta. Gahawa daga Larabci take, ta biyo fatake da alhazai. Hausawan da suka zauna a Sudan kan hanyar hajji, irin na Mai Wurno, sun tarar da jabana, wadda ake dafawa a ƴar tukunyar yumɓu da citta. Kafe kuwa daga Faransanci take, ta biyo mulkin mallaka da gaɓar teku. An ƙirƙiro Nescafé a 1938, aka buɗe masana'antarsa a Abijan a 1962, ƙasar da ƴan bida na Adar da sauran sassa suka daɗe suna zuwa. Nijar ba ta noma gahawa.

Dalilin da ya sa ba ta yi saiwa da wuri a ƙasar Hausa ba, a ganinmu, shi ne gurbinta a cike yake. Goro yana ɗauke da sinadari iri ɗaya, kuma shi ake ba baƙo, shi ake rabawa a suna da ɗaurin aure. Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa ya isa Kano a 1851, ya kwatanta matsayin goro a wajen mutanen ƙasar da na gahawa da shayi a wajen Turawa.

5. Me bincike ya tabbatar?

A 1819 Friedlieb Runge ya ware sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne tare gurbin adenosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa gajiya. Ke nan yana ɓoye gajiya ne, ba ya biyan bashin barci. Rabin abin da aka sha yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya bar jiki, shi ya sa kofin la'asar ke hana barcin dare. Ba ya sa maye, don haka hukuncin Ibn Iliyasu ya tsaya.

Masana na zamani ma sun sauya ra'ayi. A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi. A 2016 ta janye wannan, ta mai da gargaɗinta kan duk abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65, saboda maƙoshi. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a yini, wajen kofi huɗu, ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Gahawar da ba a tace ba tana ɗaga kitsen jini. Shan ta tare da abinci, kamar shayi, yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa, abin da ya shafi mata da yara a inda ƙarancin jini ya yi yawa. Sukari da madarar gwangwani da ake tulawa suna da nasu lissafi, balle tramol da wasu ke jefawa a kofi.

Kammalawa

Likitocin 1511 ba su yi kuskure ba da suka ce gahawa tana taɓa jiki. Kuskuren shi ne an yanke hukunci tukuna, sannan aka nemi shaidarsu. Alƙalin Alƙahira ya gwada kafin ya yanke, kuma hukuncinsa ne ya wanzu. Aikin da ya rage mana a nan gida shi ne tattara bayanan baka daga tsofaffin alhazai, ƴan bida da masu shayi, don a rubuta yadda kafe ya sami wuri a gefen goro a Tawa, Maraɗi da Damagaram tun waɗanda suka ga farkon abin suna raye.