Badujala da Tambari: Rundunar Soja a Kan Iyakar Gobir

Wanda ya karanta tarihin rundunonin sojan ƙasa na Ailan, irin su Connaught Rangers, zai ga abin da ya yi kama da namu. Mutane ne waɗanda Ingilishi suka mallaki ƙasarsu, sa'an nan suka ɗebi 'ya'yansu soja, suka yi yaƙi da su a Indiya da Afirka. Cikin 1922, da kudancin Ailan ya sami mulkin kansa, aka rushe biyar daga cikin rundunonin nan, aka kai tutocinsu fadar Windsor aka ajiye.

Tamu rundunar ba ta rushe ba, suna kurum ta yi ta sakewa. Tushenta 'yan Hausawan da Glover ya tara a Ikko cikin 1863. Lugga ya kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma cikin 1897, ita ce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, ta bi ta Ƙauran Namoda, ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Kano Alu kuwa a ƙasar Gobir aka kama shi. Bayan wannan aka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Tilho ta wajen Faransa, Manjo O'Shee, wanda shi kansa mutumin Ailan ne, ta wajen Ingila. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingilishi.

To, a nan ne maganar kiɗa ta shigo. Bagobiri ya san tambari, ya san ba a buga shi sai don sarki, jin sa kuwa jin iko ne. Saboda haka da badujala ta iso, watau begila da ganguna da sarewar fareti, ba a bukaci tafinta ba: sabon mai iko ya zo da nasa kiɗan. A ganinmu masu tarihi sun raina wannan al'amari, sun tsaya ga igwa kaɗai. Igwa rana ɗaya ta yi aikinta. Begila kuwa kullum safiya sai ta tashi bariki.

Abin lura, bakin da ke busa begilar na Bahaushe ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki har zamanin yaƙin Bama. Daga can muka gaji saje da kofur da samanja. Akwai ma wata busa da hafsoshi suka laƙaba wa suna Bankwanan Hausa, wadda ake yi wa babba in zai bar runduna. Cikin 1956 aka sa wa rundunar sunan Sarauniya, sunan kuma ya faɗi cikin 1963 da Nijeriya ta zama jamhuriya.