Hasumiya Ke da Hanya, Matuƙi Ke da Tanki

A farkon watan Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta hana jirage shawagi a sararin samaniyar Zamfara, ta kuma haramta haƙar ma'adinai. A Bukkuyum da Anka, inda ramukan zinare suke, maganar tsaro ce mutane suka ji. A wurin masu sana'ar tuƙin jirgi kuwa, duk hanyar da aka toshe lissafin mai ce. An ga haka ƙarara ranar 6 ga Agustan 2023, da sojojin Nijar suka rufe sararin ƙasarsu har zuwa farkon Satumba, jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka suka koma dogon zagaye. Rufewar da aka sanar tun jirgi na ƙasa da sauƙi, sai a ƙara mai. Matsalar ita ce jami'in hasumiya ya sauya wa jirgi hanya yana sama, man kuma bai isa ba. Maganar wa za a bi?

A takarda an daɗe da yanke hukunci. Dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, sun ce kyaftin ke da magana ta ƙarshe a kan jirginsa, har ma yana iya kauce wa ƙa'ida idan ceton rai ya tilasta. Dalilin a fili yake: jami'in hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, da ke zaune gaban rada a Kano yana ganin inda jirgi yake da tsayinsa da gudunsa, amma ba ya ganin ma'aunin mai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kafin tashi, kyaftin ya riga ya sa hannu a kan man tafiya, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari na ko-ta-kwana, da man kaiwa wani filin idan sauka ta gagara, da ajiyar ƙarshe ta minti 30 wadda ba a son taɓawa. Kowane zagaye da aka ƙara masa, daga cikin wannan yake ci.

Sai dai tarihi ya nuna cewa ikon da ba a furta ba bai tsinana komai. Ranar 25 ga Janairun 1990, jirgin Avianca ƙirar Boeing 707 daga Kolombiya ya shafe fiye da sa'a guda yana kewaya sama bisa umarnin jami'ai kafin a ba shi damar nufar filin Kennedy na New York. Matuƙan sun ce mansu na ƙarewa, sun roƙi a fifita su, amma ba su ayyana halin gaggawa ba, jami'an kuma ba su fahimci girman haɗarin ba. Iska ta hana su sauka a yunƙurin farko, injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, mutum 73 cikin 158 suka rasu. A nan gida ma, a watan Yunin 1991, jirgin Okada Air da ya nufi Kano ya karkata zuwa Sakkwato saboda rashin kyawun yanayi, ya yi ta kewaye har mai ya ƙare, ya faɗi a wajen gari. Darasin da sana'ar ta ɗauka shi ne, kara da kunya ba su da gurbi a rediyon jirgi. Tun daga 2012 ICAO ta tsayar da matakai biyu. Na farko, matuƙi ya sanar cewa mansa ya kai iyaka, ba zai jure ƙarin jinkiri ba. Na biyu, idan lissafi ya nuna zai sauka da ƙasa da ajiyar ƙarshe, dole ya kira "Mayday" sau uku ya ambaci mai, nan take a buɗe masa hanya.

Masu sukar wannan iko na kyaftin suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa jami'in hasumiya ne kaɗai ke ganin jirage goma a lokaci guda, idan kowa ya bi son ransa karo za a yi. Suna kuma kawo jirgin LaMia da ya faɗi kusa da Medellin ranar 28 ga Nuwamban 2016 da 'yan ƙwallon Chapecoense na Brazil, mutum 71 suka mutu, domin kyaftin ya tashi da man da bai wuce tsawon tafiyar ba, ya kuma yi jinkirin faɗin gaskiya. Amma wannan misali ƙarfafa maganar yake yi, ba rushe ta ba. Abin da ya kashe su ɓoye halin da ake ciki ne. Ikon kyaftin bai taɓa nufin ya juya akala babu sanarwa ba. Nufinsa ya ce ba zai iya bin sabuwar hanyar ba, ya faɗi dalili, jami'i ya nemo wata. Wanda kuma ya ayyana gaggawa don tsallake layi, rahoto da bincike na jiransa a ƙasa.

Inda wannan iko ke fuskantar barazana a yau ba hasumiya ba ce, ofis ne. A 2022 tsadar man jirgi ta kai kamfanonin Najeriya ga barazanar dakatar da aiki, kuma ɗaukar ƙarin mai na ƙara nauyi, nauyin na ƙara cin mai. A irin wannan hali, kyaftin da ya nemi ƙari saboda hazon hunturu a Kano ko hadarin damina a Sakkwato yana iya zama mai ɓarna a idon akanta. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da ƙungiyoyin matuƙa su ne ya kamata su tsare masa 'yancin neman ƙarin, da na karkata zuwa wani fili, ba tare da fargabar takardar tuhuma ba. Matuƙin da ke tsoron manajansa tun a ƙasa ba zai iya ce wa hasumiya a'a a sama ba.