Zaɓen Jami'ar Kimiyyar Kwamfuta a Ƙasar Waje

Kafin mu tura 'ya'yanmu karatun kimiyyar kwamfuta a ƙasar waje, sai mu bincika abubuwa uku.

Na fari, ko an amince da jami'ar. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ba ta tantance digirinsa ba, ba zai yi bautar ƙasa ba.

Na biyu, abin da ake koyarwa. Wannan fanni lissafi ne da rubuta manhaja. Mu tambaya ko ana tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni.

Na uku, kuɗi da harshe. Yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Galibin digirin farko kuma da Jamusanci ake koyarwa.

Kada mu biya dillali ko kwabo sai mun tabbatar da waɗannan daga jami'ar kanta.